Wai har yanzu ba a kama ɗan bindigar jirgin ƙasa na Brooklyn ba?

Bakano_Fagge · Talata 12 Afrilu 2022, bayan sallar tarawihi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da shan ruwa. Dan Allah waɗanda suke Amurka ko masu bin labarin sosai ku warware min wani abu. Tun da rana nake ganin bidiyon abin da ya faru a New York, jirgi ya tsaya a tasha ƙofa ta buɗe hayaƙi na ta fitowa mutane na gudu wasu kwance a ƙasa jini ko'ina, wlh abin ba kyan gani. Ance mutum goma aka harba kuma wanda yayi ya sulale ya tafi abinsa, har yanzu ana nemansa ruwa a jallo.

Abin da ya ɗaure min kai shine, garin da ake cewa ko allura ka yar kyamara ta ganka, ya za'ai mutum ɗaya yayi wannan ta'asa da safe lokacin da kowa ke tafiya aiki kuma ya ɓace? A guruf ɗinmu na WhatsApp kowa da tasa, wani yace 'yan ta'adda ne suka turo shi, wani yace ai 'yan sandan sun san inda yake ɓoyewa suke sai sun gama shirya labarin da za su faɗa, wani yace 'yan Chana aka nufa dan unguwarsu ce, har an turo hoton wani baƙin mutum mai gemu ance shine wai a yaɗa. Ni dai ban yaɗa ba amma hankalina bai kwanta ba dan ƙanina yana can yana aikin kai saƙon abinci a keke, na same shi a waya lafiyarsa lau alhamdulillah, sai dai naji muryarsa a tsorace. Meye gaskiyar magana? Kuma da gaske Musulmi ne yayi?

Ɗanzongo_Bronx · Talata da dare, agogon New York

Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Ni ina Bronx, tasi nake ja, yau wuni nayi rediyo a kunne dan haka bari in faɗa maka abin da hukuma ta faɗa da bakinta sai ka ware shi da na guruf.

Abin ya faru wajen ƙarfe 8:24 na safe a cikin jirgin layin N mai zuwa Manhattan, dab da zai shiga tashar titi na 36 a unguwar Sunset Park. Mutumin yana cikin taragon kamar kowa, sai ya saka abin rufe fuska irin na kare hayaƙi mai guba, ya fasa gwangwanin hayaƙi guda biyu, da taragon ya turnuƙe ya fara harbi. 'Yan sanda sunce sau 33 ya harba da ƙaramar bindiga Glock, mutum goma harsashi ya sama, biyar a ciki suna jin jiki sosai amma ance ba'a fargabar rasa su, sauran kuma hayaƙi ne da turereniya suka jikkata su. Babu wanda ya rasu zuwa yanzu, kuma wlh duk wanda ya san yadda tarago ke cika a wannan lokacin ya san ikon Allah ne kawai.

Maganar ta'addanci, kwamishiniyar 'yan sanda Keechant Sewell ta fito da rana tace a yanzu dai ba'a binciken abin a matsayin ta'addanci, amma ba su rufe kowace ƙofa ba. Babu wata ƙungiya da suka ambata, babu addini da suka ambata. Kamannin da suka bayar shine baƙin mutum, kakkaura, da rigar sanyi mai hula ruwan toka da falmaran irin ta ma'aikatan gini. Da yamma kuma suka fitar da suna da hoto, Frank James, shekara 62, mai adireshi a Philadelphia da Wisconsin, kuma ka lura da kyau basu ce shine ya harba ba, cewa sukai mutum ne da suke son magana da shi, saboda an tsinci makullin wata motar ɗaukar kaya ta U-Haul a wurin kuma da sunansa aka yi hayar motar a Philadelphia. An ga motar a ajiye a wani gefen Brooklyn ɗin. Sun sa tukuicin dala 50,000. Hoton hukuma yana shafin NYPD, wato rundunar 'yan sandan New York, duk wani hoton da ba shi ba dan Allah ka goge.

Tsoron da kaji a muryar ƙaninka kuwa na gane shi sarai dan nima da shi na wuni. Ka duba kamannin nan da aka bayar, baƙi kakkaura da rigar sanyi, wannan ai rabin mutanen da muke sahu ɗaya da su a masallaci kenan, 'yan Ghana da 'yan Nijar da 'yan Gini da 'yan Gambiya, da yawa aikin gini da gadi suke kuma falmaran ɗin nan ita ce kayan aikinsu. Mu nan bamu manta da Amadou Diallo ba, yaro ɗan Gini mai shekara 23 da 'yan sanda huɗu suka buɗe wa wuta a ƙofar gidansu a Soundview cikin Fabrairun 1999, harsashi 41 suka harba 19 suka same shi, ba makami a jikinsa walat ɗinsa ya ciro, kuma su ma a lokacin wani suke nema sukace yayi kama da shi. A 2000 kotu ta wanke su duka. To duk ranar da aka ce ana farautar baƙin mutum a garin nan dattawanmu abin da suke fara tunawa kenan. Ga azumi, ga fitar dare zuwa tarawihi da jallabiya, kowa addu'arsa Allah yasa ba mai sunan Musulmi bane, dan mun ga yadda aka sa wa masallatai ido shekara da shekaru bayan harin 11 ga Satumban 2001. Ka gaya wa ƙanin naka ya riƙe katin shaidarsa a inda zai nuna ba sai ya cusa hannu a aljihu ba, in an tsayar da shi ya tsaya.

Mai_Shakka · Laraba bayan sahur

Malam Ɗanzongo Allah ya tsare ku, amma ni fa akwai inda maganar bata shige ni ba. Ance kyamarorin tashar basa aiki. Ranar da za'ai harbi, a tashar da za'ai harbi, a nan ne kyamara zata mutu? Sannan mutum ya shirya hayaƙi ya shirya abin rufe fuska ya shirya komai, sai kuma ya manta makulli da katin banki a wurin kamar wanda yake cewa ku zo ga ni? Ni gani nake akwai lauje cikin naɗi, ko dai an ajiye kayan ne dan a ɗora wa wani, ko kuma ba shi kaɗai bane akwai masu ɗauke shi. Magajin garin ma ance ko wurin bai je ba.

Kuma ni abin da ya fi ci min rai, sati biyu kenan da aka tare jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, an kashe mutane an kwashi sama da 60 an shiga daji da su har yau suna can da azumi a bakinsu, ba hoton wanda ake nema ba tukuici ba komai. Can mutum ɗaya ya hana gari barci, mu nan an saba.

Maman_Ɗalibai · Laraba da safe

Bakano sannu da ƙoƙari da baka tura hoton nan ba, Allah ya saka da alheri. Ni a kansa nake son magana dan na daɗe ina bin irin waɗannan labaran kuma kusan kullum ɓarnar da masu hasashe ke yi tana faɗawa kan wanda bai ji ba bai gani ba.

A Afrilun 2013 da aka tada bam a gasar gudu ta Boston, mutane a dandalin intanet na Reddit suka zauna suna zagaye fuskokin jama'a da jan layi a hotuna, duk wanda ya goya jaka ko fatarsa tayi duhu ya zama abin zargi. Suka dira kan wani ɗalibin jami'ar Brown da ya ɓata tun watan Maris iyayensa na ta cigiya, akace ai shine, cikin dare ɗaya sunansa ya zaga duniya, 'yan jarida na ta kiran 'yan gidansu, mutane na zagi a shafin da suka buɗe na nemansa har sai da suka rufe shi na wani lokaci. Ashe yaron ba ruwansa, daga baya ma gawarsa aka tsinta a ruwa. Ki duba, au ka duba uwar da take neman ɗanta kuma a wayi gari ana ce mata uwar ɗan ta'adda, ni duk sanda na tuna sai jikina yayi sanyi. Shugabannin Reddit sun fito sun bada haƙuri amma me haƙuri zai gyara. A wancan satin dai jaridar New York Post ta buga hoton wasu samari biyu 'yan asalin Maroko a shafin farko kamar su ake nema, ɗayan ɗan sakandare ne, kallon gudu kawai suka je.

Kuma ba mutanen intanet kaɗai ke kuskure ba. A Oktoban 2002 lokacin maharbin nan na yankin Washington da ya kashe mutum goma cikin sati uku, an wuni an kwana ana neman farar motar ɗaukar kaya dan shaidu sunce ita suka gani, masana na ta fitowa talbijin suna cewa ai irin wannan aikin farar fata ne shi kaɗai. Da aka kama su ranar 24 ga wata, mutum biyu ne, John Allen Muhammad da Lee Boyd Malvo, a cikin shuɗiyar Chevrolet Caprice da suka huda bayanta suna harbi ta ciki. Motar ta sha wucewa ta gaban 'yan sanda an ma duba lambarta ba sau ɗaya ba, amma da yake kowa farar mota ya sa a ransa ba wanda ya tsaya a kanta. Ka ga shaci-faɗi in ya kafu har mai bincike yana makantarwa.

Mai_Shakka ƙanina, zafin da kake ji kan mutanen jirgin Kaduna muna jinsa duka, Allah ya kuɓutar da su cikin alfarmar wannan wata. Amma batun wai an ajiye kaya dan a ɗora wa wani, ka tuna wannan ma zargi ne kake ɗora wa wasu ba tare da hujja ba. Magajin garin Eric Adams korona ce ta kama shi tun ranar Lahadi yana killace a gida shi yasa ta bidiyo yake magana. Suratul Hujurat ta umarce mu da bin diddigin labari kada mu cuci mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama, kuma mai gemun nan da ake yawo da hotonsa a guruf ɗinku shima ɗan wani ne, wataƙila ma bai san ana yi da shi ba.

Ɗanzongo_Bronx · Laraba, hantsi a New York

Hajiya Allah ya ƙara lafiya, kin faɗi abin da ke raina. Ga inda ake yanzu, da safen nan an daina ce wa Frank James wanda ake son magana da shi an koma wanda ake zargi kai tsaye, kuma saƙon gaggawa ya shigo wayoyinmu da ƙara irin wanda ake turowa in za'ai guguwa, da sunansa da lambar da za'a kira. Ina ɗauke da fasinja wayata da tasa suka yi kuka tare.

Mai_Shakka bari in amsa maka batun kyamara dan ni ina shiga jirgin nan. Gaskiya ne ba'a samu hoto daga tashar ba, magajin gari da kansa ya amsa cewa an samu matsala, kuma ba ita kaɗai ba har da tashoshin da ke gaba da bayanta. Amma duk wanda ke zaune a garin nan bazai yi mamaki ba, layin dogon nan ya haura shekara ɗari, tasha 472 ne, ruwa na zuba ta rufi, lifta na lalacewa, lasifika wani lokacin baka jin me ake cewa. Hukumar MTA mai kula da jiragen tace tana da kyamara kusan dubu 10, a ce wasu sun mutu ba'a gyara ba sakaci ne babba kuma ya kamata a tuhume su a kai, mutane ma suna ta yi, amma sakaci daban makirci daban. Kuma in da rufa-rufa ake so ai ba za'a bar bidiyon wayoyin fasinjoji da na shagunan kan titi ba, da su aka ga mutumin yana tafiya da falmaran yana jan jaka daga inda ya ajiye motar.

Yadda ya ɓace kuma ba wani siddabaru bane. Da jirgin N ya tsaya akwai jirgin R a ɗaya gefen dandamalin, ma'aikata sukace kowa ya shiga a bar wurin, masu rauni da masu lafiya aka ɗuru, shima ya bi cikinsu ya sauka a tasha ta gaba ta titi na 25. Cikin hayaƙi da ihu, ga shi tun korona rufe fuska ya zama ruwan dare, wa zai tsaya kallon wani? Kayan da ya bari kuma ba makulli da kati kaɗai bane, har bindigar kanta da gidajen harsashi da ƙaramin gatari da fetur da kayan tartsatsin wuta irin na biki duk a nan aka same su, ana cewa bindigar ce ta cije masa. An bi lambarta an ga shi ya saye ta a Ohio tun 2011. Wannan bai yi min kama da aikin ƙwararru masu mota na jira ba, yafi kama da wanda ya ruɗe ya watsar da komai ya gudu.

Sannan mutumin ba ɓoyayye bane, yana da bidiyoyi rututu a YouTube da ya daɗe yana zuba, na kalli kaɗan na kasa ci gaba. Zagi ne da surutai na tsawon lokaci, ya zagi baƙaƙe ya zagi farare ya zagi 'yan Latin, ya zagi magajin gari kan marasa gida da ke kwana a jirgi, yana ta maganar kisa da cewa shima ya sha wahala a hannun masu kula da taɓin hankali. Masu cewa 'yan Chana ya nufa ban ga laifinsu ba dan Sunset Park su da 'yan Latin suka fi yawa kuma an sha kai musu hari tun zuwan korona, amma hukuma bata ce haka ba, waɗanda aka harba ma kala-kala ne. Bakano, a abin da aka fitar dai ba'a danganta shi da wani masallaci ko wata ƙungiya ba.

Bakano_Fagge · Laraba, bayan shan ruwa

Jama'a yanzun nan nake gani wai an kama shi!! Malam Ɗanzongo da gaske ne? Na kai dabino baki kenan saƙo ya shigo. Na kuma yi wa admin ɗin guruf ɗinmu magana ya cire hoton mai gemun, wanda ya turo yace shima turo masa akai.

Ɗanzongo_Bronx · Laraba da yamma

Da gaske ne ɗan'uwa, wajen ƙarfe 1:40 na rana aka kama shi a unguwar East Village cikin Manhattan, kusurwar St. Marks Place da First Avenue, yana tafe a ƙafa kan titi, bai yi gardama ba. Kusan awa 30 kenan da harbin. Duk masu cewa ya tsallaka Kanada ko ya kashe kansa ko an ɓoye shi, ashe yana cikin gari yana yawo, har jirgin ma ya sake shiga jiya bayan abin a unguwar Park Slope.

Abin da zai baka mamaki, rahotanni na cewa shi da kansa ya kira layin Crime Stoppers da ake kai wa 'yan sanda rahoto ta shi yace yaji ana nemansa yana McDonald's na First Avenue, da suka je basu same shi a ciki ba sai suka zaga suka gan shi a kusa. Akwai kuma mutanen unguwa da suka gane fuskarsa suka tsayar da motar 'yan sanda, cikinsu har da wani saurayi ɗan Siriya mai aikin saka kyamarorin tsaro, bidiyonsa na ta yawo yana murna yana cewa azumi yake. Wlh da na gani sai da idona ya ciko, jiya iwar haka muna ta fargabar kada ace Musulmi ne ya harba. Su waɗannan hoton da hukuma ta fitar suka gani, suka ga mutum a gabansu, suka kira waɗanda aikinsu ne.

An miƙa shi hannun gwamnatin tarayya, mai gabatar da ƙara na yankin, Breon Peace, yace za'a tuhume shi da dokar kai harin ta'addanci kan abin hawa na jama'a, hukuncinta na iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Kada kalmar ta ruɗe ku a guruf, sunan dokar kenan, ba wai an gano yana da ƙungiya ba. 'Yan sanda sunce an taɓa kama shi sau tara a New York tsakanin 1992 da 1998 da sau uku a New Jersey, amma ba'a taɓa ɗaure shi da babban laifi ba shi yasa ya iya sayen bindiga a shago.

Mai_Shakka · Laraba da dare

To alhamdulillah da aka kama shi, Allah ya baiwa waɗanda ke asibiti lafiya. Batun makulli na yarda tunda bindigar ma da sunansa. Amma na kyamara ban sauka ba, ko sakacin ne sai an faɗi wanda aka ba aikin dubawa da tun yaushe suka mutu, dan da ace ya iya bakinsa bai yar da komai ba da yanzu ana nan ana lalube. Kuma mutumin da ya shekara yana faɗa a YouTube cewa yana son kisa, ba wanda ya kai rahoto ne ko an kai ba'a kula ba? Malam Ɗanzongo in an kai shi kotu gobe ka sanar da mu abin da lauyoyinsa suka ce.